Goruba a Kife

Ƙarar turmi ce ta fara komai. Ina kicin ina tankaɗe, rana ta kusa faɗuwa, sai na ji gurrr, gurrr, ana mirgina turmi a kan simintin tsakar gida, irin mirginawar wanda ƙarfinsa bai kai ba, a tura a huta, a tura a huta. Na leƙo da rariya a hannuna, sai ga autata Safiya, lokacin shekararta bakwai, ta kai shi jikin katangar bayan gida, wadda ba a gama ba, jerin bulo shida ne kawai, ta kife shi ta hau, ta ɗora haɓarta a kan bulo tana kallon yamma. Na ce, "Safiya, sauko, ba a hawan turmi." Ko waiwaye ba ta yi ba.

Kafin in ci gaba, 'yan uwa, ku sani wannan abu da ni ya faru, ba a gidan biki na tsinto shi ba. A Azare muke zaune, can ƙarshen gari, kuma yau shekara shida ke nan da faruwarsa. Ni matar gida ce, ina gama sakandare na yi aure, ba ni da ilimin taurari balle na gaibu, kuma na san abin da addini ya koyar, wanda ya rasu ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Da wannan sanin nawa nake rubuta muku abin da idona ya gani, Allah shi ne shaida ban ƙara komai ba.

Mahaifina, Baffa muke ce masa, a wani ƙauye yake kusa da garin Katagum, noma yake yi da 'yan shanunsa. Ba malami ba ne, amma mutum ne mai kallon sama. In wata ya kwana ashirin da tara, komai aikin da ke gabansa zai ajiye, ya ɗauki malfarsa da sandarsa ya tafi wani tudu a yamma da gari, gindin wata goruba mai reshe biyu, ya tsaya duban jinjirin wata. Kuma ba ya nuna sama da yatsa, da sanda yake nunawa. Cikin jikokinsa duka Safiya ce ta ɗauko wannan hali. In muka je hutu, bayan sallar isha'i suna kan tabarma ɗaya, yana nuna mata taurarin Kaza da 'ya'yanta, yana nuna mata tauraruwar Zara, yana kiran Safiya amaryarsa, ita kuma tana cewa ba za ta auri tsoho mai haƙori uku ba. A zuwanmu na ƙarshe ya tafi da ita gindin gorubar, hadari ya rufe yamma, suka dawo ba su ga komai ba, tana ta zumɓura baki. Ina jin sa ya ce mata, "Yi haƙuri amarya, wata mai zuwa ke za ki riga kowa ganinsa. Ni in nuna wurin, ke ki gani." Bayan sati biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa.

Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, shi ne ma abin da ya fara damuna. Sai kawai ta daina magana. A ce Safiya kaza, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Malamarsu ta aiko cewa ko karatu ba ta biyawa. Abinci kuwa loma biyu ta ture kwano, har sai da na rage ƙugun siket ɗin makarantarta sau biyu da allura, ina ɗinki ina share hawaye da bayan hannu. Mun je asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, damuwa ce, a riƙa jan ta da wasa. Mun yi addu'a, an yi mata rubutu ta sha. Wata biyu ana haka, wuyanta ya zama kamar kara, sannan ne ta fara jan turmin nan, kullum da yamma, sai duhu ya shiga ta sauko ta je ta kwanta.

Maigidana, Malam nake ce masa, maganin dabbobi yake sayarwa, yana bin kasuwannin ƙauye har wajen Dagauda da Hardawa. Ranar da ya dawo da wuri ya samu Safiya a kan turmi, ya daɗe a tsaye yana kallonta, sannan ya ce min, "Tunda sama take so, a sayo mata madubin hangen nesa. Ƙila in ta ga abin da take nema ta dawo mana." Daga ni har shi ba wanda ya taɓa riƙe irin abin, don haka na shiga wurin maƙwabciyata Malama Falmata, wadda ke koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata. Babarbariya ce, ni kuma jinin Fulani, kun san ba a gaisawa sai an taɓa juna.

"Ke 'yar Fillo, me za ku yi da madubin hangen nesa? Shanun mutane za ku riƙa leƙe daga ɗaki?"

Na ce, "Ku Barebari ko tambaya aka zo yi sai kun fara da tsegumi. Wata za mu duba."

Da na gaya mata dalili sai ta bar wasa. Ta shiga ɗaki ta fito da nata, ɗan gajere mai ido biyu wanda ake ratayawa a wuya. Ta ce wanda zai fara, irin wannan ya kamata ya saya, don fili mai faɗi yake nunawa, ba ya buƙatar haɗawa, yaro ma zai iya riƙewa in ya jingina gwiwar hannu da katanga, kuma yadda abu yake haka zai nuna shi. Ta ce in kuma dole sai dogon nan mai ƙafa uku, to kada mu ruɗu da lambar da ake rubutawa a jikin kwali wai yana ƙara girma sau ɗari kaza, mu dubi faɗin bakinsa, don shi ke tara haske, sannan mu kama ƙafafun mu girgiza a gaban mai kanti, in suna rawa mu bar masa kayansa. Na kwashe duk wannan na kai wa Malam, ya ce to. Ya tafi Kano saro magani, sai ga shi da kwali dogo kamar naɗaɗɗiyar tabarma.

Na ce, "Malam, ba mai ido biyu aka ce ba?"

Ya ce, "Wancan ai na 'yan farauta ne. Wata za a duba, ba zomo ba. Amma ƙafafun na girgiza su, har mai kantin ya ji haushi."

A daren, bayan isha'i, muka haɗa shi a tsakar gida. Ga wata nan a sama ya kusa rabi, kowa na ganinsa da ido, amma in ka sa ido a madubi baƙi ƙirin. Da farko ma murfin bakin ne ba mu cire ba. Muka cire, har yanzu duhu. Malam ya juya nan ya juya can, ya durƙusa, ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga, ni ina riƙe da tocila ina karanta takardar da ta zo da shi. Safiya tana tsaye a gefe ta haɗa hannuwa a baya, tana jira. Muka kwashe kusan awa guda. Da na ɗago, ba ta wurin, ta shiga ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Washegari Falmata ta shigo, ta zagaya madubin tana dariya, ta ce, "An ce ku sayi akuya kun sayo raƙumi, ga shi ba ku iya hawa ba." Sannan ta nuna min wani ɗan ƙaramin madubi da ke ɗaure a bayan babban, ni ɗan goyo na sa masa suna. Ta ce babban kamar leƙen sama ne ta cikin bututu, ɗan wuri kaɗan yake nunawa, shi ya sa ake fara nemo abu da ɗan goyon. Amma dole sai an daidaita su suna kallon wuri ɗaya, kuma da rana ake wannan aiki, a nemi wani abu mai nisa da ba ya motsi, a sa shi a tsakiyar babban, sannan a murɗa 'yan notin ɗan goyon har shi ma ya kawo abin tsakiya. Ta ce duk sanda aka ɗauke shi a mota sai an sake. Ta kama kunnena kamar ɗalibarta ta ce kada a kuskura a juya shi wajen rana ko da wasa, ido yake ƙonawa nan take, in yamma za a kalla a yi da hantsi rana tana baya. Muka auna hasumiyar wani masallaci can nesa, na sa ido, sai na ga hasumiya ta yi ƙasa da kai.

Na ce, "Falmata, ya lalace. A kife yake nunawa."

Ta ce, "Haka irinsa yake. Sama ƙasa ce, hagu dama ce. Ki riƙe wannan a kanki, abin da kika gani a hagu, a dama yake. A sama ba wanda ya damu, tauraro ba shi da kai ba shi da ƙafa."

Daren nan muka samu wata. Allah mai iko, ashe duk ramuka ne da tuddai, kamar busasshiyar fadama da shanu suka tattake. Malam ya ɗaga Safiya ta sa ido, ta daɗe tana kallo, ni kuma bakinta nake kallo. Ta sauka ba ta ce komai ba. Washegari da yamma sai ga ƙarar turmi. A nan na gane ba babban wata take nema ba, jinjirin da aka yi mata alkawari take nema, kuma a gidanmu gine-gine da turakun wuta sun tare ƙasan yamma. Na ce wa Malam mu kai ta ƙauye a ƙarshen wata, dama mahaifiyata Inna tana takaba, ya kamata mu duba ta. Falmata ta ce mu tafi da mai ido biyun nata, don neman jinjiri da dogon madubi wuya ne, kuma bayan faɗuwar rana ɗan lokaci kaɗan yake yi shi ma ya bi ta. Malam ya ce ga babba a mota, me za a yi da ƙarami. Na ji nauyin yi masa musu a gaban baƙuwa, muka bar shi.

Mun isa ranar da wata ya kwana ashirin da takwas. Kaka ce, an yanke gero, sama ta wanke tas. Washegari da hantsi Malam ya fita gaishe-gaishe, Safiya tana ɗakin Inna a kwance, ni kuma na fitar da madubi bayan dangar gida don in daidaita ɗan goyo kamar yadda aka koya min. Daga nan gonaki ne shimfiɗe har tudun nan, kuma babu abin da ya fi gorubar Baffa dacewa, ga nisa, ga ta ita kaɗai, da ido ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Na auna, na murɗa har hoto ya fito. Ga goruba a kife, gindinta a sama, rassan nan biyu a ƙasa kamar mutum ya buɗe ƙafafu. Ƙasa tana sama, sararin sama yana ƙasa, duk yadda Falmata ta ce.

Sai na ga mutum a gefenta. Tsoho ne siriri, da shuɗiyar riga da ta koɗe, da malfa ta rufe masa fuska. Ban ji komai a raina ba da farko, na ce wani ne ya zo hutawa. Har na kai hannu kan noti sannan abin ya faɗo min. Mutumin nan a tsaye yake daidai. Kansa a sama, ƙafafunsa a ƙasa, alhali a cikin madubin ƙasan nan sarari ne, wato dai ba a kan komai yake tsaye ba. Ya miƙe sandarsa zuwa hagu, ya riƙe ta haka, ba ya motsi.

Na ɗago kai na murza ido. Na leƙa ta ɗan goyo, ga goruba ƙarama, babu kowa a wurin. Na koma babban, yana nan. Ana haka sai wani makiyayi ya biyo da shanu ta kan tudun, da idona ma ina hango su ɗigo-ɗigo. Na ce yawwa, yanzu zan gane. Na sa ido, ga shanu suna tafiya ƙafafu a sama, tozo a ƙasa, makiyayin ma a kife da gorarsa, suka wuce ta bayan tsohon nan ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta kauce, makiyayin bai ko juyo ya yi sallama ba, kuma kun san Bafulatani ba ya wuce dattijo haka. Shi kuwa yana nan daidai, da sandarsa a miƙe. A saman malfar akwai jar fata da aka ɗinka, na san ɗinkin.

Ban yi ihu ba, ban gudu ba. Na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, na sake dubawa, goruba ce kawai a kife. Na gama daidaita ɗan goyon, sannan na zare ɗan gilashin da ake sa ido, wanda in babu shi madubin ba ya nuna komai, na ƙulle shi a bakin zanena, na rufe bakin madubin, na lulluɓe shi da tsohon zani. Na shiga ɗakin Inna. Safiya tana barci a kan tabarma, kanta a cinyar Inna. Malfar Baffa tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa inda take tun ranar da ya kwanta, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinta. Inna ta ce, "Lafiya kike kallon bango?" Na ce lafiya lau, rana ce ta buge ni. Ban gaya wa kowa ba, kuma gilashin nan a jikina ya wuni, ko wanka da na shiga da shi na shiga.

Da rana ta faɗi gaba ɗaya muka yi sallar magariba a nan bayan danga, Malam ya ja mu da gajerun surori, Inna tana daga bakin ƙofar baya da carbinta, don ita ma watannin takabarta take lissafi. Na kwance gilashin na mayar. To a nan zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Ban san ta ina zan fara nema ba, Falmata ta ce zai kasance sama kaɗan da inda rana ta faɗi, ko ta hagu ko ta dama, kuma ranar daidai bayan goruba ta faɗi. Ina istigfari a zuciyata, amma sandar nan ce a idona. Na ce a raina, ya nuna hagu, kuma a madubi na gan shi, abin da ke hagu a madubi a dama yake. Sai na juya madubin dama da goruba na fara lalube.

Na yi sama, na yi ƙasa, na matsa, na dawo. Babu komai sai jan sama. Malam ya kare ido da hannu yana dubawa, jan nan yana ta raguwa yana komawa toka-toka. Na tuna maganar Falmata cewa ɗan lokaci ne, kuma na san in yau ya wuce sai wani watan, ni kuma ban ga alamar jikin yarinyar nan zai kai wani wata a haka ba. Malam ya ce a hankali, "Ƙila bai tsaya ba yau. A bari sai gobe." Na ce a ɗan ƙara min. Idona ya cika da hawaye har hoton ya dagule.

Sai na ji gurrr, gurrr a bayana. Safiya ce take mirgino turmin Inna a kan ƙasa. Ta kawo shi gindin madubi ta kife ta hau. Ta kama hannuna ta cire daga jikin madubin, ba da ƙarfi ba, kamar yadda babba ke karɓe wuƙa a hannun yaro. Ta tura shi, ya wuce goruba, ya koma hagu, ta ɗan ɗaga shi. Ko kallon ɗan goyo ba ta yi ba. Ta sa ido.

"Ga shi."

Muryar ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga dogon barci, amma tata ce. Wata uku rabona da ita. Carbin Inna ya faɗi ƙasa. Malam ya ce, "Me kika ce, Safiya?" Ta ce, "Ga shi, Abba. Ni na riga kowa." Na sa ido, ga jinjirin wata siriri kamar yankan farce, a kife. Na ɗago na bi tsawon madubin da kallo, sai ga shi da ido ma, can hagu da goruba, ya kusa taɓa tudu. Inna ta ɗaga hannu tana addu'ar ganin wata, muna amin. Ba a jima ba ya nutse.

Daren nan Safiya ta sha fura da nono ta miƙo ƙwarya a ƙara mata, ta ci tuwo, sannan ta hau cinyar Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar, muka bar ta ta yi mai isarta. Daga ranar ta fara dawowa. Yanzu tana sakandare, surutunta har sai na ce ta tafi gidan Falmata ta ƙarasa a can, kuma Malam da kansa ya sayo mata mai ido biyun daga baya, bai ce komai a kan zomo ba.

Na sake auna gorubar nan da madubi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, da hantsi da la'asar, ban ƙara ganin kowa ba. Sai bayan shekara na gaya wa Malam, ya ce mu yi wa Baffa sadaka mu ƙara masa addu'a, mu bar wa Allah saninsa. Falmata ta ce ido yakan ga abin da zuciya ke so, balle ga zafin rana da rashin barci. Ban yi mata musu ba, mai ilimi ce, kuma ni ma na fi son a ce hakan ne. Ban ce Baffa na gani ba. Abin da na gani na faɗa.

Shawarata ga mai son fara kallon sama, ko don kansa ko don yaransa, abu ne mai kyau, yana ƙara wa mutum tsoron Allah. Ku fara da ido tukuna, ku san taurarin da iyayenmu suka sani. In za ku sayi madubi ku ji maganar waɗanda suka sani, ku fara da mai ido biyu. In dogon kuka samu, ku daidaita shi da rana, ku nisanci rana kanta, kuma ku yi bismilla kafin ku sa ido. Ni dai tun daga lokacin ba na yin aikin daidaitawar nan ni kaɗai, sai da wani a kusa, kuma hasumiya nake aunawa ko tankin ruwa, na bar auna itace.

Abin da ya hana ni karɓar bayanin Falmata gaba ɗaya shi ne wannan. A daren nan, bayan ta gama kuka, na fita da Safiya bakin randa ina wanke mata hannu. Ku tuna tana barci lokacin da na ga abin da na gani, ku tuna gilashin a bakin zanena ya wuni, kuma ban buɗe baki na gaya wa kowa ba. Ina zuba mata ruwa na ce, kamar da wasa, "Auta, ya aka yi kika san ta hagu yake?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi tambayar da kowa ya san amsarta.

"Ai ke kika juya shi, Umma. Baffa ba a kife yake ba. Inda ya nuna, nan ne."